Lambun da Ba Wanda Ya Zauna a Ciki

Shekarun baya, tun Haɗeja na ƙarƙashin Jihar Kano, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara yawo kowane gari ya shiga sha'awar yin kama da birni, na taɓa riƙe sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari. Kada ku ɗauka don na fi kowa basira aka zaɓe ni. Lissafi nake koyarwa a firamare, kuma ni kaɗai ne a cikinmu nake da tafireta, wata tsohuwa mai ƙara kamar injin niƙa, da na saya a hannun wani akawu da ya yi ritaya. Ranar zaɓe ba a ma ɗaga hannu ba. Tambaya kawai aka yi, wa ke da keken rubutu, sai kowa ya juyo ya kalle ni.

Shugabanmu wani Alhaji ne, babban dillalin bandar kifi mai loda motoci zuwa Kudu. Mutumin kirki ne, sai dai in ya ga abu a wani gari hankalinsa ba ya kwanciya sai ya kawo irinsa gida. Ya je Kaduna ya ga wani lambu da aka kewaye, an shuka furanni, an jera kujeru, mutane na zaune da yamma ba sa saye ba sa sayarwa. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya dawo ya tara mu ya ce ya ba da filinsa na bayan gari, wani ɗan tudu mai tsamiya biyu da ke kallon kogi, wanda ambaliya ba ta taɓa hawa ba, a yi wa jama'a wurin shaƙatawa. Ya kuma ce lallai a sa wani abu a tsakiya, domin na Kadunan akwai abu a tsakiyarsa. Muka tambaye shi mene ne abin, ya ce shi ma bai gane ba, amma dai ya yi kyau.

Abin tsakiyar nan ya ci mana zama uku. Wani ya ce a gina ƙaton kifi na siminti, tunda da kifi aka san mu. Wani dattijo a cikinmu, mai karatun littattafan addini, ya ce ba da shi ba, ba za a tsayar da siffar abu mai rai a fili ba. Wani direba ya ce a kafa dogon agogo, aka tuna masa cewa ranar da ya tsaya ba mai gyara shi tsakanin nan da Kano. A zama na uku, da na ga ba inda muka nufa, na ɗaga hannu na ce ina da aboki wanda irin wannan aikin ya karanta.

Abokin nawa tun a kwalejin horon malamai muka haɗu. Mutanen gidansu Mangawa ne daga wani ƙauye a yankin Guri, ni kuma Bafillace, ko da yake saniyar ƙarshe a gidanmu kakana ne ya sayar da ita. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da dangin Barebari, wasa ne na gado. Ina da izinin in gaya masa duk abin da ya zo bakina, shi ma haka, kuma ba a fushi, wanda ya yi ma dariya za a yi masa. Ban taɓa barin wannan dama ta wuce ni ba. In ya ɗinka riga sai in tambaye shi labulen wane gida ya yanko. In ya zana doki sai in ce akuyar nan ta yi ƙiba. Shi kuma ya ce Bafillace bai san kyau ba sai a jikin saniya. Haka muke tun muna samari, kuma duk abin da ya yi da hannunsa ni yake fara nuna wa.

Bayan kwaleji ya wuce Zariya ya yi shekaru yana karatun zane da sassaƙa. Lokacin da nake ba ku labari ya dawo Haɗeja yana koyarwa na wucin gadi, da takarda a aljihunsa daga wata masaƙa a Kaduna, suna neman ya zo ya riƙa zana musu adon atamfa. Ba ya son tafiya. Dalilinsa kuwa mahaifinsa ne.

Mahaifin masunci ne, in ruwa ya yi kuma ya noma shinkafarsa a fadama. Bai taɓa yi wa ɗan faɗa a kan karatun ba, da ma ya yi faɗan da abin ya zo da sauƙi. In an tambaye shi a kasuwa me ɗansa yake yi, sai ya ce, “Yana can dai,” ya juya maganar zuwa ruwan bana. Ɗan wane malamin asibiti ne, ɗan wane direba ne, shi kuwa nasa ɗan ba shi da sana'ar da za a iya kiran sunanta a gaban mutane. Ranar da na kai wa abokina maganar lambun sai ya ce, “Ka ga, in tsohon nan ya ga abu guda da na yi da hannuna a ƙasarmu, mutane na amfani da shi, har ya iya nunawa ya ce na ɗana ne, to na yaga takardar Kaduna. In ba haka ba, zamana a nan ba shi da amfani.” Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko akuya ya gina zan rantse wa tsohon cewa doki ne.

Na buga masa takardar ba da aiki, Alhaji ya sa hannu. Muna jiran mu ga ya ɗauko fensir, sai mutumin ya shafe mako biyu yana zuwa filin safe da yamma, ya zauna a gindin tsamiya yana kallon kogi. Wata rana ma ya bi masunta a kwalekwale har hantsi. Alhaji ya kira ni gefe ya tambaye ni ko maigadi muka ɗauka. Da na isar da saƙon, abokina ya ce abin da zai yi dole wurin ne zai haife shi, ya zama in an ɗauke shi an kai Kano ba zai yi ma'ana ba. Na ce in haka ne ya haƙa kududdufi kawai ya zuba sauro, kowa zai san na Haɗeja ne.

A ƙarshe ya zo taro da wata faffaɗar takarda a naɗe. Ya yi mana bayani cewa in kogi ya cika da damina iska ta taso, ruwan kan yi ƙananan igiyoyi a jere, ɗaya na bin ɗaya. Su zai kwaikwaya a ƙasa. Zai gina tuddai goma sha biyu a layi uku, kowanne tsawonsa kamar na mutum, tsayinsa bai kai gwiwa ba, masu lanƙwasa a sama yadda mutum zai zauna ko ya kishingiɗa. Na layin gaba za su fi ƙanƙanta, domin igiyar ruwa in ta kusa gaɓa raguwa take yi. Abin ado ne, kuma shi ne kujerun.

Aka zagaya da takardar. Daga sama ya zana abin, wasu lanƙwasassun layuka ne da inuwar fensir. Ni dai abin da na gani shi ne kunyoyin dankali. Alhaji ya riƙe ta a juye ya daɗe yana gyaɗa kai. Dattijon nan mai littattafai ya tambaya, “Ba ido, ba baki?” Abokina ya ce babu. Ya ce, “To ba laifi.” Direba ya ce ai sai a shafa shuɗin fenti tunda ruwa ne, abokina ya ce, “Haba Malam, wa ya taɓa ganin kogin Haɗeja shuɗi? Ruwanmu launin ƙasa ne. Da ƙasar bakin kogi zan cuɗa simintin.” Maganar ta yi mana daɗi, muka tafa. Gaskiyar magana ba wanda ya gane zanen a cikinmu, kowa ya ɗauka na kusa da shi ya gane.

Aka ɗauko wani tsohon magini, irin waɗanda suka tashi a ginin soro da azara sannan suka koyi siminti da girma. Ba shi da yawan magana. Abokina ya kafa masa turaka ya ja zare. Kogin a wannan wurin gabas ya nufa, igiyar ruwa kuma gicciye take kwanciya, saboda haka tuddan duka suka miƙe kudu da arewa.

Ni ban leƙa wurin ba sosai a lokacin, domin Alhaji ya riga ya tsayar da ranar buɗewa, ya gayyaci baƙi har daga Kano, ya yi magana da makaɗa. Ina can ina fama da tafireta, takardar gayyata bayan takardar gayyata, har yatsuna suka yi kanta. Abokina kuma ya aika wa mahaifinsa saƙo ta hannun direban motar kasuwa. Bayan kwana biyu amsa ta dawo cewa tsohon zai zo. Ranar abokina ya iske ni a gida ina cin abinci, na yi na yi ya zauna ya kasa, a tsaye ya gaya mini, ya sake gaya mini.

Saura kwana uku a buɗe wurin, na hau kekena da sassafe na tafi in ga inda aka kwana. An riga an kewaye filin da waya, an sa ƙofa. Ina isowa ƙofar na sauka, na ɗaga kai.

Tuddai goma sha biyu na jar ƙasa, a jere, kudu da arewa, kowanne tsawon mutum. An ɗora wa kowanne reshen ƙaya don kada awaki su taka ɗanyen siminti. Tsohon maginin kuma yana sunkuye a kan ɗaya, yana ɗebo ruwa a bokiti da hannu yana yayyafawa, kamar yadda ake yi wa siminti kullum safe don kada ya tsage. Duk wanda ya taɓa raka gawa a ƙauye ya san wannan hoton. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama lissafi, na ji bakina ya fara sallamar da ake yi in za a shiga maƙabarta. Na layin gaba, ƙananan nan, su suka fi tayar mini da tsigar jiki.

Na jingine keke na ƙarasa wajen tsohon. Muka gaisa, na ce, “Baba, ya kake ganin aikin nan?”

Ya ce, “Malam, ni awo aka ba ni, na bi awo.”

Na ce, “Amma a ganinka fa?”

Ya ci gaba da yayyafinsa. “Ganina ba ya cikin abin da aka ɗauke ni. Masu ilimi sun zauna sun duba takarda sun yarda.” Ya ƙara da cewa, “Sai dai jiya wata mai tallar nono ta tsaya a bakin waya ta ce Allah ya ji ƙansu.”

“Me ka ce mata?”

“Na ce amin. Addu'a ce ai.”

Ina tsaye nan sai ga abokina ya fito daga bayan tsamiya, wandonsa duk siminti, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya tsaya kusa da ni muka fuskanci tuddan tare. Ya ce, “To Bafillace, ya ka gani?”

Na ce, “Ya yi.”

Ya juyo ya dube ni. “Ya yi kawai? Yau ba akuya?”

Na ce, “Ya yi kyau ƙwarai. Allah ya sa albarka.”

Ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan ya sauke wani dogon numfashi, ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. Na hau kekena na koma makaranta na koyar da raba-dai-dai.

Na sha tambayar kaina dalili. A lokacin na gaya wa kaina cewa kara na yi masa, mutum ya gaji, yana murna, mahaifinsa na tafe, ba ranar da za a karya masa gwiwa ba ce. Na kuma ce wataƙila idona ne, in an cire ƙayar an share wurin abin zai canza. Amma akwai sauran dalilan da ban so in kalla ba. Ni na kawo shi. Ni na buga gayyata ta tafi har Kano. In na buɗe baki, ni zan je gaban Alhaji in ce a ɗaga rana, kuma ni za a tambaya ina idona yake tun farko. Tsoro ne da son kai, na sa musu riga mai kyau.

Ranar buɗewa, da hantsi, ina bakin ƙofa ina jera kujerun baƙi da muka aro daga makaranta, sai ga mahaifin abokina. Ya sa farar riga wadda har yanzu da alamar ninki a jikinta, ya zo da wasu tsofaffi biyu, abokan kamun kifinsa, waɗanda na tabbata ya ɗauko su ne don su zama shaida. Abokina yana can ƙarshen fili da tsintsiya yana share ragowar ƙaya.

Tsofaffin suka iso ƙofa suka tsaya cak. Su uku suka cire takalma, suka ɗaga hannu, suka yi addu'a mai tsawo suka shafa. Daga inda nake ina hango abokina, ya daina shara, tsintsiyar na hannunsa.

Sai tsohon ya juyo wajena ya yi ƙasa da murya. “Malam, ashe a maƙabarta za a yi taron? Su wa ke kwance nan? Na ga har da yara.”

Na ce, “Baba, ba kowa a ciki. Wannan shi ne aikin ɗanka. Igiyar ruwa ce, irin wadda kogi ke yi in ya cika.”

Ya sake juyawa ya dubi tuddan. Ya daɗe yana kallo, tsakani da Allah, kamar mai neman ya ga abin da aka ce masa. Sannan ya ce, “Tun ban kai waccan wayar tsawo ba nake kan ruwan nan. Ban taɓa ganin ya kwanta haka ba.”

Abokina ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi aiki, ya gaya masa mahaifiyarsa na gaishe shi. Sannan ya nuna filin da haɓa. “Wannan shi ne karatun na Zariya?”

“Shi ne, Baba.”

“To. Allah ya sa a tashi taro lafiya.”

Ya mayar da takalmansa. Bai shiga ba. Shi da abokansa suka sami inuwa a wajen waya suka zauna, ba su kuma tafi ba sai da aka tashi, domin ba a zo taron ɗa a bar shi a tsakiya. Da la'asar suka hau motar kasuwa.

Taron kansa an yi shi yadda aka tsara. Makaɗa suka leƙa suka ce su dai a waje za su tsaya, a nan suka yi kiɗansu a sanyaye. Wani baƙo daga Kano ya raɗa mini tambaya, ko don tunawa da waɗanda ruwa ya ci aka yi. Alhaji ya yi jawabi, ya yanka zare, ya ce jama'a bismillah, a shiga a zauna. Ba wanda ya motsa. Don ya nuna misali ya taka har gaban babban tudu na tsakiya, ya tattare babbar rigarsa, ya fara sunkuyawa. Sai ya tsaya a haka, ya miƙe, ya ce gwiwarsa na damunsa kwana biyun nan. Aka sha lemo a tsaye aka watse.

Kafin mako ya zagayo gari ya raɗa wa wurin suna, Maƙabartar 'Yan Boko. Mata masu zuwa wanki kogi suka sauya hanya. Direban nan ya kawo shawararsa ta shuɗin fenti a karo na biyu, wannan karon aka karɓa, aka shafa, sai abin ya koma kamar kaburburan masu hali. A zaman da ya biyo baya kowa ya ce shi dama tun a takarda ya ga alama. Aka yanke a fasa su a sa bencin katako. Ni na buga takardar, kwafi biyu, tsohon maginin da ya gina su shi ya zo da guduma.

Abokina bai ga fasawar ba, ya riga ya tafi Kaduna. Bai yi rigima da kowa ba. Na raka shi tasha, na ce masa Allah ya ji ƙan matan da za su ɗaura akuyarsa a ƙugu, ya ce Bafillace dai ba ya girma. Muka yi dariya, amma wasan ba gishiri. Lambun kuma, ko da aka sa bencin, sunan bai bar shi ba, a hankali waya ta faɗi, awaki suka karɓi wurin.

Muka ci gaba da aika wa juna wasiƙa lokacin sallah. Ya yi suna a aikin atamfa, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'yansa a can. Da mahaifinsa ya rasu ya zo ya yi kwana uku ya koma. Maganar lambu ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ko a wasa.

Sai da muka yi furfura duka, na je Kaduna ɗaurin auren 'yarsa. Bayan an watse da azahar muka zauna mu biyu a tabarma a ƙofar gidansa, an kawo mana fura. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta fito. Na ce, “Ka tuna safiyar da ka tambaye ni ya na gani? To na gani. Tun daga bakin ƙofa na gane abin da suka yi kama da shi, har sallama na yi musu. Na rufe bakina.”

Ya ajiye ludayi. Bai yi fushi ba, ya dai juya yana kallon titi. Sannan ya ce, “Ka san tun ranar da aka ɗora ƙayar nan gabana ya fara faɗuwa? Na hau tsamiya na duba, daga sama ruwa ne sosai. Na sauko na duba, sai in ga wani abu. Na rasa wanne zan yarda da shi, idona ya gaji da su. Maginin ba zai faɗa mini ba, su Alhaji ba za su faɗa mini ba. Sai na ce bari Bafillacen nan ya zo. In akwai abin dariya a nan, ko rabin ƙwayar gero ne, ba zai bar shi ba. Ka zo ka ce ya yi kyau, har da sa albarka. Shekara goma sha wani abu ban taɓa jin ka yabi abina ba. Ranar na ci abinci na ƙoshi.”

Na ce, “Da na faɗa fa? Saura kwana uku, me za ka iya yi?”

Ya ce, “Da na zage ka, na zagi shanunku. Sannan in sa a cike tsakaninsu, kowane layi ya haɗe ya zama igiya guda doguwa. Wa ya taɓa ganin kabari mai taku ashirin? Yini biyu ya ishi tsohon maginin nan, har da ranar bushewa.” Ya ɗauki ludayinsa ya juya furar. “Sha mana, za ta tsinke.”

Na sha. Muka koma hirar ango da danginsa.

Abokina ya riga mu gidan gaskiya yanzu, a Kaduna aka binne shi. Ba na cewa da na yi magana lallai mahaifinsa zai zauna a kan simintin ya nuna wa abokansa, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne a duk Haɗeja mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi izinin ya dubi abokina ya ce ka gina maƙabarta, a yi dariya, a gyara. Na yi shekaru ina kashe wannan izinin a kan riguna da dawakin takarda, ranar da aka buƙace shi kuma na zama mai ladabi. Abin ba ya hana ni barci, ya daɗe da wucewa. Sai dai mutanen unguwarmu kan yabe ni a gaban 'ya'yana, su ce Malam mutum ne mai kara, bai taɓa gaya wa kowa maganar da za ta ɓata masa rai ba. Nakan ce na gode, in tambaye su ya ruwan bana.